Saniyar Malam Junaidu

Malam Junaidu irin mutanen nan ne da ko atishawa za su yi sai sun waiga sun ga wa ke kallonsu. Ɗan gidan malamai ne, digirinsa biyu, ofishinsa har da labule. Tun da ya tashi ba a taɓa jin ya ambaci sunan wata gaɓa ta jikin mace da ke ƙasa da wuya ba. Mutanen unguwarsu ta Minanata na cewa kunya ce da tarbiyya. To, kunya dai.

Matarsa Fauziyya ta haihu, haihuwar fari, kuma sai da aka yi mata tiyata. Yaron bakwaini ne, ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba a asibiti. Ita uwar da aka sallame ta, sai aka wuce da ita gidan iyayenta a Runjin Sambo, hannun Goggo Tani, ƙanwar babanta, wadda ke kula da jegonta. Yaron bai iya kama mama ba tukuna. Ta wani siririn tiyo ake ɗura masa abinci ta hanci, duk bayan awa uku. Likita ya ce hanjinsa bai yi ƙwarin ɗaukar madarar gwangwani ba, nonon uwarsa kaɗai zai sha.

Shi ya sa Lubna, yayar Fauziyya, ta ba ta aron wani ɗan inji mai batir da ake tatsa da shi. A tatsa a gida, a zuba a fida, a sa cikin kula da ƙanƙara saboda zafin garin nan da ko ruwan randa bai bari ba, Junaidu ya ɗauka ya kai asibiti. Aikinsa ke nan duka duka. Ko shi ma sai ya naɗe kular da sallaya, wai kada a gane abin da ke ciki.

Ranar da yaro ya kwana tara, da hantsi aka dawo da wuta da ƙarfi. Cajar injin ta yi tas, ta yi hayaƙi, ta mutu. Batirin kuwa dama ya ƙare. Aka kira Junaidu a waya.

Ya zo ya tsuguna a zaure, don suruki ba ya wuce nan. Goggo Tani ta fito da baƙar leda a hannu.

"Ina kwana, Goggo. Ya mai jiki?"

"Mai jiki tana can da masassara. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutsin niƙa. Mun matsa da hannu, mun gasa da ruwan zahi, ko cokali biyu ba mu samu ba, sai hawaye. Nas ta ce abin da ag gare su can iyakatai ƙarhe ɗaya. Na ƙarhe huɗu babu."

Tun da ta ce nono Junaidu ya kafa wa takalminsa ido, kamar yau ya fara ganinsa.

"Ungo," in ji Goggo. "Tahi da injin kasuwa a gwada mai caja a gabanka."

Ta miƙo ledar. Bakin ledar a buɗe yake, ga mazurarai biyu na roba sun leƙo, kowa ya gan su ya san inda ake kifa su. Junaidu ya ja da baya har ya bugi bango.

"A'a, Goggo, a bar shi nan. Tsohuwar cajar kawai ta isa."

"Kai, yaron ga! Cizo shika yi?"

"Na san kan abin, Goggo. Yanzu zan dawo."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Wannan Fauziyyar dai ita ce ta yi wata bakwai tana jinyar mahaifiyarsa. Ita ke yi mata wanka, ita ke kwashe mata fo, ita ke juya ta a gado. Ba a taɓa jin ta ce a naɗe mata komai cikin sallaya ba. Goggo na sane da duk wannan, rana ɗaya bayan ɗaya. Ta zaro ƙonanniyar cajar ta ajiye masa a ƙasa, ta koma ciki.

Layin masu kayan wuta na bakin babbar kasuwa ya nufa, ya tsaya a shagon wani Siddiƙu. Shi Siddiƙu mutumin Kwalkwalawa ne, cikin dabbobi ya tashi kafin ya koyi gyaran rediyo ya buɗe shago. Mutum ne mai murya, in yana magana da kai, shago huɗu na ji. A bencin ƙofar shagon kuwa mutum uku ne zaune suna shan inuwa. Cikinsu har da wani dattijo da suke haɗa sahu da Junaidu a masallacin unguwa kullum.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Junaidu ya miƙa cajar.

Siddiƙu ya juya ta, ya shinshina, ya kankare bayanta da farce. "Ranka shi daɗe, rubutun ya ƙone ƙurmus. Bakin dai na gane shi, amma baki ba shi na caja ba. Akwai mai bol biyar, akwai mai tara, akwai mai sha biyu, duk bakinsu guda, ƙarhin wutarsu na daban. Injin mi na?"

"Inji ne dai. Ɗan ƙarami."

"Rediyo? Fanka? Na aski?"

"Na tatsa."

"Tatsar mi?"

Junaidu ya waiga. Dattijon nan ya daina jan carbi, ya karkato kunne. Gumi ya gangaro wa Malam daga ƙarƙashin hula. Ya sunkuya, ya ce da wata 'yar murya kamar ta mai bara a gidan surukai, "Nono."

"Allahu akbar!" Siddiƙu ya buga kanta. "Ashe Malam kiwo aka yi! Ku ji hwa, 'yan boko sun shigo muna harka!"

Na ƙirjin mace da na ƙwaryar Bafulatana suna ɗaya suke amsawa, ba laifin Siddiƙu ba ne. Kalma ɗaya ta isa ta gyara zancen. Amma Junaidu ya ga an buɗe masa ƙofar tsira, sai ya faɗa ciki da babbar rigarsa.

"I," ya ce. "Ana ɗan taɓawa."

"Shanu nawa?"

"Guda."

"Guda tak, har da sai mata inji? Lalle ana ji da ita. Bokolo ta ko Bunaji?"

"Fara ce."

"Bunaji ke nan. Yaushe ta haihu?"

"Kwana tara yau."

"To ɗan maraƙin, ba shi sha?"

"Ba shi da lafiya. Yana wurin likita."

"Assha, assha," in ji mutanen benci.

"Haihuwar hwari ta?" in ji Siddiƙu.

"I."

"Shi ya sa! Karsana in ta yi haihuwar hwari, harbi taka yi in an taɓa ta. Ka ɗaure mata ƙahwahun baya kahin a sa injin. Kuma kada ka yi mata rowa, Malam. Dussa da kanwa sahe da marece, da harawa. Ka ga nono kamar an ɓalle famfo."

Dattijon ma bai bari an bar shi a baya ba. "A shahwa mata man shanu a hantsa, hantsar na sakewa."

Junaidu na tsaye yana gyaɗa kai, yana cewa, "Madalla, na gode, za a yi."

Siddiƙu ya taka kujera ya sauko da wata baƙar caja mai nauyi, kamar rabin bulo. "Da ka taho da injin da ya hi, don a gindinai aka rubuta abin da shika ci. Amma injin shanu ƙarhi shika so. Ga mai bol sha biyu. Duba baki, daidai da tsohuwar." Ya haɗa bakunan biyu, ba bambanci. Junaidu bai tsaya wata tambaya ba, ya karɓe ya sallame shi, ya fice har yana tuntuɓe. A mota ma murmushi yake yi, wai ya fita kunya.

Ana kiran azahar ya miƙa wa Goggo cajar a zaure. Ta auna nauyinta a hannu.

"Wagga ta hi waccan girma."

"Ai ta fi inganci, Goggo."

An yi sa'a akwai wuta. Yana nan tsugune sai ya ji wata ƙara daga cikin gida, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar mage. Sai salatin Goggo. Sai shiru. Sai warin ƙonanniyar roba ya biyo iska har zaure. Can kuma ya jiyo kukan Fauziyya, ba mai ƙarfi ba, irin na wadda ta gaji da kukan.

Goggo ta fito da mayafinta a kafaɗa, leda a hannu.

"Tashi."

"Goggo, me ya..."

"Da ban hizge wayar ba da yanzu ba ka da inji. Tashi ka kai ni wurin mai shagon ga. Ni zan ji mi kac ce mai."

Ta zauna a gaban mota, ta ɗora ledar a cinya, mazurarai na leƙen titi. Junaidu ya ɗaga gilashi duk da zafin nan, wai ƙura. Har suka isa addu'a yake yi Allah ya sa mutanen benci sun watse. Ina! Sun idar da sallah sun dawo, har sun ƙaru da biyu.

Tun daga nesa Siddiƙu ya hango shi. "Malam an dawo! Ya saniyar? Ta tsaya an tatsa, ko ta yi harbi?"

Goggo ta tsaya cak. "Wace saniya?"

"Saniyar Malam mana, Hajiya. Bunaji, mai haihuwar hwari."

Goggo ta juya ta dubi Junaidu. Junaidu ya dubi sama, sai ka ce jirgi ke wucewa. Ta ƙarasa gaban kanta, ta zazzage ledar: ga ɗan inji fari mai maɓalli uku, ga tiyo, ga mazurarai biyu. Siddiƙu ya ɗauki mazurari ɗaya, ya juya shi, ya duba faɗin bakinsa. Fara'ar fuskarsa ta tafi a hankali.

"Malam," ya ce, "wanga ba na hantsar saniya ba na."

"Ɗiyata ta," in ji Goggo, da muryar da ta fi ta Siddiƙu kai nesa. "Ɗiyar wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Matatai ta, da munka ba shi da sadaki da shaidu. Ɗan maraƙin kuwa ɗanai na, yana can kwance cikin kwalba yana jiran nonon uwatai."

Wani a benci ya ƙyalƙyale, ya toshe baki da hula. Dattijon ya ce, "Subhanallahi," ya sake cewa, "Subhanallahi," ya rasa ta uku.

Siddiƙu ya dafe kai. "Innalillahi. Ni kuwa har nic ce a ɗaure mata ƙahwahu."

"Kac ce mi?"

"Da dussa, Hajiya. Da kanwa. Ki gahwarce ni, abin da anka hwaɗa mani nib bi."

"Shi kuma mi yac ce?"

"Ya ce za a yi."

A nan benci ya fashe gaba ɗaya. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku gama, sannan a duba mani injin ga. Ƙarhe huɗu yaro ka cin abinci, kuma ba a aje mai komi ba."

Dariyar ta ɗauke kamar an yi ruwa an tsaya. Siddiƙu ya kifa injin, ya kawo shi dab da hancin Junaidu.

"Karanta, Malam, kai ad da ilimi. Mi anka rubuta?"

"Bol biyar," in ji Junaidu. "Amfiya biyu."

"Biyar! Mu kuwa mun ɗura mai sha biyu. Ka ga da ka ɗauko shi tun da sahe, da ko zama ba ka yi ba."

Ya kwance injin da ɗan sukudireba, ya leƙa, ya shinshina. Da bakin allura ya nuna wani baƙin abu, bai fi ƙwarar shinkafa ba. Ya ce wannan ne ya tare wutar ya mutu, da an ƙara ko numfashi biyu da ta cinye sauran. Ba shi da sabo. Ya jawo wani kwali cike da matattun rediyoyi da fitilu, ya shiga tono. Wutar kasuwa kuma ta ɗauke, sai da maƙwabcinsa ya tayar da janareta kafin ƙarfen dalma ya yi zafi.

Junaidu na duba agogo. Uku saura. Uku. Uku da kwata. Ba wanda ya ba shi wurin zama. Wannan karon ba benci yake tunani ba. Ya tuna yadda ƙirjin yaron ke hawa da sauka cikin kwalba, fata kamar takarda.

Da Siddiƙu ya liƙe abin ya rufe injin, sai ya jero caja uku a kan kanta. Ya ɗaga ta farko ya kaɗa ta. "Wagga bol biyar ta, amma ji ta, ba nauyi, kwali na kawai. Amfiya guda, injin ba shi ja da ita." Ya ture ta gefe. Saura biyu, duka bol biyar amfiya biyu, duka bakinsu ya shiga.

"Ko wacce ma a bayar," in ji Junaidu. "Lokaci na tafiya."

"Kai dai yi muna shiru," in ji Goggo. "Zaɓenka mun gani."

Ta sa aka kifa mata injin da cajojin a jere. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma ta shekara arba'in tana zaɓen atamfa, ba a taɓa cusa mata zane biyu masu saɓani a matsayin turmi ɗaya ba. Ta bi rubutun da yatsa, ta tsaya kan wani ɗan zane mai da'ira a tsakiya.

"Wanga ɗan gicciye, ga inji yana hannun dama. Ga wagga caja ma dama. Ga waccan kuwa hagu. Don mi?"

Siddiƙu ya sunkuya ya duba. Ya ɗago ya dube ta. "Wallahi Hajiya kin hi ni ido. Waccan wutarta a juye take, da ita munka sa da an koma gidan jiya." Ya jefa ta cikin kwali.

Aka jona ta daman. Ɗan fitilar injin ya kawo kore. Siddiƙu ya danna maɓalli, inji ya fara tsut, tsut, tsut, a hankali kamar numfashi.

"Ƙara ba ita ta aiki ba," in ji Goggo. "A ga yana ja. Malam, naɗe hannun riga."

"Goggo, a nan?"

"A'a, bari mu tahi ruga."

Ya naɗe hannun babbar riga. Ta kifa masa mazurari a damtse, a tsakiyar layin masu kayan wuta, gaban benci, gaban 'yan kabu-kabu biyu da suka tsaya kallo. Fatar ta shiga, ta fito, ta shiga, ta fito.

"Yana ja?"

"Yana ja."

"Ban ji ba."

"Yana ja, Goggo!"

Ta tattara kayanta cikin leda. Siddiƙu ya biyo su har mota yana cewa a gai da mai jego, a ce mata Allah ya raya, kuma don Allah kada a faɗa mata zancen dussa.

Ana kiran la'asar suka isa Runjin Sambo. Junaidu ya yi sallarsa a zaure, yana jiyo tsut, tsut daga cikin ɗaki. Wayarsa ta yi ƙara sau biyu, duka nas ce daga asibiti. Ya ce ga shi nan tafe. Ta ce tun ɗazu yake tafe. Sai da huɗu da rabi ta gota Goggo ta fito da kula. Fida ɗaya ce a ciki, ta ɗan haura rabi.

"Da ƙyar ya hwara zuwa, da jini-jini a hwarko, mun zubar da wannan. Kada ka tsaya gaisawa da kowa."

Bai tsaya ba. Biyar saura ya iso ƙofar ɗakin jarirai yana haki. Nas ɗin, wata gajeruwar mace mai tabarau, ta karɓe kular ba ta amsa sallamarsa ba.

"Kusan awa guda, Malam. Yaron da bai kai kilo biyu ba. Sugan jikinai ya sauka, sai da munka sake huda mai hannu munka ƙara ruwa. Mi ya tsai da ku?"



"Caja ce," in ji Junaidu.

Ta yi tsaki ta shige. Ta gilashin ƙofa ya ga ta wanke hannu, ta ɗumama fidar cikin ruwa, ta zuƙi nonon da sirinji ta jona a bakin tiyo. Farin ya gangara a hankali, ya bi tiyon har ya shige hancin yaron. A bayan ɗan hannun akwai sabon filasta, ya kusa rufe hannun duka. Yaron ya ɗan motsa baki, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya lafa.

Nas ta leƙo. "Ya karɓa, bai dawo da shi ba. Abin da yar rage bai isa wani ci ba. Ƙarhe bakwai a kawo wani. Bakwai, Malam, ba bakwai da rabi ba."

Ya ce, "To." Kafin ya rufe baki ta riga ta juya ta koma kan yaron.